Haɗin Gwiwa a Binciken Zamantakewa: Wa Ya Tsara Tambayar, Sunan Wa Ya Fito?

Duk wanda ya saba duba mujallun ilimi zai lura cewa maƙala mai ɗauke da sunan marubuci guda tana ƙara ƙaranci. A shekarar 2007 masana uku, Wuchty da Jones da Uzzi, sun bi diddigin maƙalu kusan miliyan 20 na tsawon shekaru hamsin, suka nuna a mujallar Science cewa aikin gayya yana ta danne na mutum ɗaya a kusan kowane fanni, har da kimiyyar zamantakewa. A fannin fiziks abin ya kai inda wata maƙala da ta fito daga CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai, a 2015 ta ɗauki sunaye 5,154.

Dalilin wannan sauyi a bayyane yake, domin akwai tambayoyin da suka fi ƙarfin mutum ɗaya komai hazaƙarsa. Cibiyar Afrobarometer, wadda ta fara jin ra'ayoyin jama'a kan dimokuraɗiyya da shugabanci a ƙasashen Afirka 12 a 1999, yanzu tana aiki a ƙasashe sama da 30, kuma ba za ta iya ba in ba don abokan aikinta na kowace ƙasa ba. Haka kuma sai da masu bincike 270 suka haɗu ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek kafin a sake gwada bincike 100 na ilimin halayyar ɗan Adam, inda sakamakon da suka wallafa a 2015 ya nuna cewa kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Ba na jayayya da amfanin haɗin gwiwa, don haka ba zan tsaya a kansa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake raba aikin da kuma yadda ake raba ladansa. A ayyuka da yawa, musamman waɗanda kuɗinsu ke zuwa daga ƙasashe masu arziki, a can ake tsara tambayar bincike, a can ake fayyace alƙaluma, a can ake rubuta maƙala, sannan a bar wa abokan aiki na ƙasar da ake nazarinta wahalar shiga gida-gida. A duba abin da mai tattara bayanai ke yi a zahiri. Tana zaune gaban wata dattijuwa riƙe da na'ura, tambayar da ke kan allo tana neman adadin kuɗin da gidan ke samu a wata, alhali gidan ba ya lissafi da wata, sai da kaka. Ita ce za ta gane cewa tambayar ta karkace, ta sake jera ta yadda za a fahimta, ta kuma lura da cewa amsar ta canza lokacin da wani ya shigo ɗakin. Wannan aikin tunani ne, kuma ingancin alƙaluman da za a yi tinƙaho da su ya rataya a kansa. Amma idan maƙala ta fito, iyakacinta layi guda a sashen godiya, wani lokaci ma ba a ambaci sunanta ba.

Wanda ba ya cikin harkar zai ɗauka jerin sunaye ƙaramin al'amari ne, sai dai da shi ake auna ƙarin girma a jami'a da kuma cancantar samun tallafi na gaba. Masana tattalin arziki sun saba jera sunaye bisa tsarin haruffa. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky kuwa kwabo suka jefa don zaɓen wanda sunansa zai fara zuwa a maƙalarsu ta farko, daga nan suka riƙa karɓa-karɓa. Hakan ya yiwu ne saboda su biyun tsara ne, babu wanda ke riƙe da albashin wani. Inda farfesa mai riƙe da kuɗi ke aiki da ƙaramin malami ko ɗalibi, na ƙasa ba kasafai yake iya buɗe baki ya nemi haƙƙinsa ba.

An fara ɗaukar matakan gyara. Mujallu da dama yanzu suna amfani da tsarin CRediT, wanda ya karkasa gudummawa gida 14, ta yadda za a rubuta ɓaro-ɓaro wa ya ƙirƙiro tunanin, wa ya tattara bayanai, wa ya yi rubutun farko. A 2017 al'ummar San ta Afirka ta Kudu, wadda masu bincike suka daɗe suna yi wa zarya, ta fitar da nata ƙa'idojin, ta ce duk mai son nazarinta sai ya gabatar da shirinsa an amince tukuna.

A ganina matakin na San ya fi na mujallun zurfi, saboda CRediT yana zuwa ne bayan an gama aiki, lokacin da an riga an yanke shawarar abin da za a tambaya. Inda ya kamata abokan haɗin gwiwa su zauna shi ne ranar da ake rubuta takardar neman tallafi, su rattaba hannu kan wanda zai mallaki bayanan, da wanda ke da damar sake amfani da su, da kason kasafin da zai shiga jami'ar kowane ɓangare, da tsarin sunaye a kowace maƙala da ake sa ran fitarwa.