Daren da motarmu ta zame a hanyar dawowa Montiriyal

Shekara 14 na yi ina tuƙi a gida kafin na zo Kanada. Hanyar Katsina zuwa Kano na bi ta cikin hazo, na bi ta cikin marka, na shiga rairayin ƙauyukan bayan Jibiya na fito ban kafe ba. Saboda haka da na sauka Montiriyal, jarrabawar lasisi ce kawai ta dame ni. Dusar ƙanƙara kuwa na ɗauke ta kamar taɓon damina, abin da hannu zai saba da shi cikin mako guda.

A lardin Kebek, inda Montiriyal take, doka ce a sa wa mota tayoyin hunturu. Tun 2008 ake aiki da ita, kuma daga 2019 wa'adin ya koma daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Wanda aka kama babu su zai biya tarar dala 200 zuwa 300. Ana gane irin wannan taya da tambarin da ke gefenta, tsauni mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. Ni tarar na gani, ban duba dalilin dokar ba. Na samu wani mai sayar da tayoyi na hannu, na ga tambarin yana nan a jikin duka huɗun, na biya abin da bai kai rabin kuɗin sababbi ba, na dawo gida ina ganin na yi tattali.

Akwai wani dattijo ɗan Damagaram da muke haɗuwa a masallacin unguwa, ya fi shekara 20 yana tuƙin tasi a garin. Baba muke ce masa. Wata Juma'a ya raka ni wajen mota, ya tsuguna, ya shafa tayar gaba da tafin hannunsa. Sai ya zaro tsabar santi 25 daga aljihu. A jikin wannan kuɗin akwai hoton wata dabba mai kama da barewa, mai ƙahoni da rassa. Ya cusa kuɗin cikin zanen tayar, hancin dabbar na kallon ƙasa, ya ce in leƙa. Hancin yana waje tsaf, ko ɓoyuwa bai yi ba. Ya ce, "Ɗana, wannan ta suɗe. In kana ganin hancin nan, tayar ba za ta kama dusa ba." Na ce masa in sha Allah ƙarshen wata zan canza. Ƙarshen wata ya zo, kuɗin haya ya zo, ban canza ba.

A watan Janairu aka gayyace mu suna a garin Trois-Rivières, tafiyar kilomita 140 ko kusa da haka a kan babbar hanya mai lamba 40. Da rana muka tafi, ni da maiɗakina da 'yarmu mai shekara uku, hanya a share. A wannan watan kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe, mu kuwa sai bayan isha'i muka kamo hanyar gida. Dusa tana sauka kaɗan-kaɗan, iska na kwaso ta daga gonaki tana shimfiɗa ta a kan kwalta. Allo ya ce kilomita 100 a awa, ina tafiya a 90, ina ganin na rage.

A kan wata 'yar gada abin ya faru. Kwaltar baƙa ce wuluk a hasken fitila, kamar an yi yayyafi. Abin da na fara ji shi ne shiru. Ƙarar da taya ke yi a kan hanya ta ɗauke, sitiyari ya yi sako-sako a hannuna kamar an cire shi daga jikin motar. Bayan motar ya fara karkata dama. Ƙafata ta yi abin da ta saba yi shekara 14: na danna birki, na fizgi sitiyari. Birkin ya kama rawa yana bugun tafin ƙafata, na ɗauka wani abu ya karye, na ɗage ƙafar, na sake dannawa. Motar ta juya sau ɗaya, na ga fitilun motocin da ke bayanmu suna haska min fuska, sannan muka gangara da baya cikin tarin dusar da ke gefen hanya. Maiɗakina tana ta salati. Yarinyar ta farka, ta yi ɗan kuka, ta koma barci a kujerarta. Babu wanda ya ji ciwo. Allah ne ya sa babu babbar mota a kusa.

Na kunna fitilun gargaɗi, na kira masu janwe. Suka ce motoci da yawa sun faɗa a daren, sai mun yi haƙuri. Ma'aunin mota yana nuna 19 ƙasa da sifili. Mai bai kai kwatan tanki ba. A but ɗina babu shebur, babu bargo, babu tocila, sai cefanen da aka ba mu a gidan suna. Na gwada fita da ƙarfin inji kamar yadda muke yi a rairayi, na taka totur, tayoyin suka yi ta juyawa a wuri ɗaya, suna goge dusar ƙarƙashinsu har ta zama ƙanƙara mai santsi, motar tana ƙara nutsewa.

Sai na kira Baba. Bai tambaye ni yadda aka yi ba. Ya ce, "Injin yana kunne?" Na ce eh, saboda yarinya. Ya ce, "Kashe shi yanzu. Fita ka duba salansa." Na fita, dusa har gwiwa. Bayan motar gaba ɗaya ya lume, bakin salansa ya toshe. Da murfin kular abinci da hannuna na haƙa har na buɗe shi, yatsuna sun daina jin komai. Baba yana kan waya yana yi min bayani. Hayaƙin mota yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. In salansa ya toshe, ƙarƙashin mota take bi ta shigo ciki, mutum ya ji ciwon kai da barci, daga nan ba ya tashi, kuma yara take fara kayarwa. Ya ce in kunna injin kamar minti goma a kowace awa, in sassauta gilashi kaɗan, duk lokacin da zan kunna in fita in sake duba salansa, kuma kada wanda ya bar motar ya taka bakin hanya. Na tuna yarinyar tana barci a baya, daidai saman inda hayaƙin ke taruwa, kusan minti 20 injin yana aiki. Har yau in na tuna wannan sai gabana ya faɗi.

Bayan awa biyu da rabi janwe ya zo. Direban ya haska tayoyina da tocila, ya girgiza kai, bai ce komai ba.

Washegari na kai motar gareji. Bakaniken ya nuna min wasu lambobi huɗu a gefen taya waɗanda ban taɓa lura da su ba: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Nawa sun shekara tara. Ya ce amfanin tayar hunturu a robarta yake, an haɗa ta ne don ta zauna da taushi ko da sanyi ya yi tsanani, alhali tayar bazara tana fara ƙanƙamewa da zarar ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 7 sama da sifili. Robar da ta tsufa kuwa ta riga ta bushe, tambarin tsauni ba zai dawo mata da taushinta ba. Ranar na sayi sababbi huɗu. Huɗu ake sa wa, don in biyu suna kama hanya biyu suna zamewa, motar juyawa take yi.

Shi ne kuma ya gaya min rawar da birki ya yi a ƙafata ba lalacewa ba ce. Na'urar ABS ce take kamawa tana saki da sauri don kada tayoyi su ƙulle, mutum ya samu damar karkata sitiyari. Abin da ake so shi ne ka danna da ƙarfi ka riƙe, kada ka ɗage. Ni kuwa na ɗage a daidai lokacin da take aikinta.

Ranar Lahadi da sassafe Baba ya ɗauke ni zuwa wani filin ajiye motoci da babu kowa, dusa ta rufe shi. Ya sa na kai gudun kilomita 30 a awa na danna birki, sau goma ko fiye, har ƙafata ta saba da wannan rawar. Ya sa na bar bayan motar ya zame da gangan, yana cewa, "Saki totur a hankali. Kalli inda kake so ka je, kada ka kalli abin da kake tsoro. Hannu zai bi ido." A nan ya faɗa min abin da ya kayar da ni. Gada tana riga sauran hanya daskarewa, domin iska mai sanyi tana ratsa ta sama da ƙasa. Baƙin da na gani na ɗauka jiƙa ce, ƙanƙara ce siririya wadda kwalta ke bayyana ta cikinta. Gishirin da ake watsawa a hanya kuma ƙarfinsa yana raguwa in sanyi ya yi tsanani irin na wannan daren. Ya ce 100 ɗin da ke jikin allo na busasshiyar hanya ne. Ya koya min ƙirga tazara: in motar gabanka ta wuce wani turke, ka ƙirga, kada ka iso shi kafin ka kai takwas. Masu manyan motoci da duk ƙafafunsu huɗu ke ja, ya ce, su ya fi gani a rami, don motar tana taimaka musu wajen tashi, wajen tsayawa kuwa kowa da tayarsa.

Yanzu tun Oktoba nake fara shiri, kafin layi ya yi tsawo a garejoji. Ina sa a gwada batir, saboda sanyi yana rage masa ƙarfi a daidai lokacin da inji ya fi wuyar tashi. Ina zuba ruwan wanke gilashi mai jure sanyin 40 ƙasa da sifili, in ajiye wata jarka a but, domin taɓon gishirin da motoci ke watso maka yana makantar da gilashi cikin daƙiƙa kaɗan. Iskar taya tana raguwa da sanyi, don haka duk wata nake auna ta, kuma dabarar sassauta iska da muke yi a rairayi na bar ta a gida. Tanki ba ya sauka ƙasa da rabi. A but akwai shebur, barguna biyu, tocila, wayar jona batir, buhun yashi ƙarami, dabino da ruwa. Wanda yake ganin wannan ya yi yawa a cikin gari, ya tambayi mutanen Montiriyal daren 14 ga Maris, 2017, lokacin da motoci kusan 300 suka kwana a maƙale a kan babbar hanya mai lamba 13.

Da safe kuma minti 15 nake warewa don share mota, har rufinta da fitilunta. Dusar da ka bari a rufi, in ka taka birki gilashinka za ta rufe, in ka yi gudu kan na bayanka za ta faɗa. Ruwan zafi ba ya zuwa kusa da gilashin da ya daskare, tsaga shi yake yi. Da abin kankara ake kankarewa. In na duba Québec 511, shafin gwamnati mai nuna halin da hanyoyi ke ciki, na ga hanya ba kyau, ina kiran masu biki in ba su haƙuri, ko da za su ji ba daɗi. Wannan ya fi komai yi min nauyi da farko, domin mu ba mu saba ƙin amsa gayyata ba.

'Yarmu ta girma, ta shiga makaranta. Ba ta tuna wancan daren, amma mahaifiyarta ta ba ta labari. Duk safiyar da dusa ta kwana tana sauka, kafin in kunna mota sai ta zagaya baya da ɗan sheburinta, ta tsuguna ta leƙa, sannan ta ɗago ta ce, "Abba, salansa a buɗe yake."