Shawara ga matasa masu son ɗaukar hoton tsuntsu a sama

Duk wanda ya taɓa ɗaga kyamara ya bi shirwa da ita a sararin sama ya san cewa tsuntsun ya fi hannunsa sauri, ya kuma san takaicin duba hoton daga baya ya tarar da rabin fiffike a ciki rabi a waje, ko wani baƙin ɗigo a tsakiyar farin fili. Ƙannena da yawa sukan tambaye ni wace kyamara za su saya domin wannan takaici ya ƙare, amsar da nake ba su kuwa ba ta cika yi musu daɗi ba, domin wannan tambayar ce ta cinye mini shekaruna na farko a sana'ar. Hoton abin da ke tashi yana samuwa ne idan mai ɗauka ya riga ya san inda tsuntsun zai bi tun kafin ya bi, wannan sanin kuwa daga zama da kallo yake zuwa.

Na daɗe ina tara kuɗi domin sayen dogon lens, wato gilashin gaban kyamara mai jawo nesa kusa, kuma a duk tsawon lokacin ban fita ba sai jefi-jefi, saboda na ɗauka fita da ƙaramin kayan aiki ɓata lokaci ne. Da lens ɗin ya shigo hannuna sai hotunan suka ƙara lalacewa, domin gwargwadon tsawon lens gwargwadon ƙanƙantar filin da yake nuna maka, ni kuma hannuna bai saba neman tsuntsu a sama ba. Tun a shekarar 1884 wani Bajamushe mai suna Ottomar Anschütz ya ɗauki hotunan wani nau'in shamuwa na Turai tana sauka a sheƙarta tana tashi, da kyamarar da ba ta kama ƙafar wayar da ke aljihunku yau ba wajen sauƙin aiki, kuma hotunan sun fito sarai har Otto Lilienthal, wanda ya yi ta gwajin tashi da fuka-fukan da ya ƙera, ya amfana da su. Abin da ya taimaki Anschütz shi ne ya san inda tsuntsuwar za ta dawo, ya kafa kayansa yana fuskantar wurin. Lens na hannu mai kaiwa 300mm ya ishi mai koyo, kuma tantabarun unguwa, da shirwar da ke shawagi a kan mayanka, da balbelar da ke komawa makwanci da yamma a jere, sun ishe shi makaranta.

Abin da na fi jinkirin ganewa, wanda kuma ya fi komai gyara mini aiki, shi ne iska. Tsuntsu yana tashi yana fuskantar iska, yana kuma sauka yana fuskantarta, domin ita ke ɗaga shi idan zai tashi, ita ke rage masa gudu idan zai sauka. Jirgin sama ma haka yake yi. Na yi ta tsayawa a bakin ruwa ina mamakin dalilin da ya sa ba na samun komai sai bindin tsuntsu da bayansa, ban lura ba cewa na tsaya ne iska na bugun fuskata, don haka duk wanda ya tashi sai ya ba ni baya. Idan iska na bayanka, tsuntsun zai taso yana fuskantarka, ka ga idonsa da ƙirjinsa da buɗewar fuka-fukansa. Idan rana ma tana bayanka, to haske zai sauka a kan wannan fuskar, launin gashinsa ya fito.

Mu a ƙasar Hausa yanayi ya yi mana gata a nan, domin iskarmu ba ta cika sauya hanya ba a cikin lokaci guda na shekara. Da hunturu tana tasowa daga arewa maso gabas, rana kuma da safe tana gabas, saboda haka wanda ya tsaya a gefen gabas na tafki da sassafe ya fuskanci yamma ya haɗa rana da iska a bayansa. Da damina iskar takan juya ta riƙa zuwa daga kudu maso yamma, sai la'asar ta zama lokacin da ya fi, mutum ya tsaya a gefen yamma ya fuskanci gabas. Kafin ku buɗe jaka, ku ɗebi ƙasa kaɗan ku sake ta ku ga inda ta nufa, sannan ku zaɓi wurin tsayawa. Ku kuma lura da alamun da tsuntsu ke bayarwa kafin ya tashi: yakan juya ya fuskanci iska, ya miƙa wuya, ya ɗan durƙusa, sau da yawa ma ya yi kashi ya rage nauyi. Wanda ya san waɗannan alamu yatsansa na kan maɓalli tun kafin fiffike ya buɗe.

Game da saitin kyamara, kuskurena biyu ne, kuma dukkansu daga tsoro suka fito. An faɗa mini cewa ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, yana sa hoto ya yi burbushi, sai na riƙe shi ƙasa, na bar saurin shota, wato ɗan lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, a 1/500 na daƙiƙa, hotuna suka riƙa fitowa dishi-dishi. Burbushi yana da magani a kwamfuta, amma hoton da motsi ya shafe ba shi da gyara. Manyan tsuntsaye masu kaɗa fiffike a hankali, irin su zalɓe da shamuwa, 1/1000 zuwa 1/1600 ya ishe su. Tantabara da agwagin ruwa suna son 1/2000 ko fiye. Tsattsewa kuwa sai an kai 1/3200 ko sama. Ku bar ƙofar haske tsakanin f/5.6 da f/8, ku ƙyale ISO ya hau yadda ya kamata, ku kuma sa fokas a kan tsarin da ke bin abu mai motsi, wanda Canon ta daɗe tana kira AI Servo, Nikon da Sony kuma suke kira AF-C. Kuskure na biyu shi ne amincewa da ma'aunin hasken kyamara. Idan sama ta yi fari, ma'aunin yana ganin haske ya yi yawa sai ya rage, tsuntsun ya fito baƙi ƙirin, ba ido ba gashi. Ga shirwa ko hankaka a farar sama sai an ƙara haske da mataki ɗaya ko biyu, ga balbela kuwa a gaban duhun itatuwa sai an rage, in ba haka ba farin gashinta ya ƙone ya zama fili kawai. Wajen bin tsuntsun, ku manne gwiwar hannu a jiki, ku juya daga ƙugu, ku kama shi tun yana nesa, kada kuma ku tsaya cak da zarar kun danna.

Akwai kuskuren da ya fi duk waɗannan nauyi a zuciyata, domin ba hoto kaɗai ya shafa ba. A fadamar Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen ruwa daga Turai da Asiya ke sauka su yi hunturu tare da dinya da ƙirinjijiya na gida, na taɓa gajiya da jira, na ba wani yaro 'yan kuɗi ya zagaya ya yi jifa domin garken ya tashi. Garken ya tashi, na samu hotuna cike da fuka-fuki, amma duk wanda ya san tsuntsu in ya duba zai gane tashin firgita ne: kowanne ya ba da baya, sun tarwatse ba tsari. Wani dattijo masunci da ke gyaran komarsa a kusa ya dube ni ya ce, "Malam, baƙi ne fa, daga nesa suka zo." Maganarsa gaskiya ce ta ilimi. Ƙananan agwagin da ke zuwa daga nesa da 'yan uwansu suna tara kitse ne a fadamar domin su ƙetare Sahara idan lokacin komawa ya yi wajen watan Maris, kuma duk tashin da aka tilasta musu yana cin ƙarfin da suka tara yana rage musu lokacin kiwo. An sanya tafkin Nguru cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, an kuma keɓe yankin Dagona da ke cikin fadamar domin tsuntsayen ruwa, saboda irin wannan amanar. Mai kyamara da ke korar tsuntsu yana cikin masu cutar da shi, ko da bai riƙe bindiga ba.

Haka batun yake ga sheƙa. Shamuwa tana zuwa mana gab da damina, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, kuma iyayenmu ba sa bari a taɓa ta. Wannan amincin ya sa ta zama tsuntsuwar da ta fi sauƙin koyo a kanta, domin tana kai da komo da kara a baki ta hanya guda, sai dai mutum ya tsaya daga nesa ya jira ta. Idan uwa ta tashi daga kan ƙwai saboda kusantowarku, zafin rana da hankaka ba za su jira ta dawo ba. Idan kun ga tsuntsu ya daina abin da yake yi ya zuba muku ido, kun matso da yawa, ku ja da baya.

Ƙwari sun fi tsuntsu wuya, amma halinsu ya fi sauƙin karantawa. Na yi ta bin mazari a bakin kududdufi ina haki ban samu komai ba, sai daga baya na lura cewa yakan zaɓi kan kara guda ya riƙa tashi yana dawowa kansa, wani lokaci kuma ya tsaya cak a iska na ɗan lokaci yana fuskantar inda iskar ke fitowa. Dabarar ita ce a kashe fokas mai sarrafa kansa, a saita shi da hannu a kan karan ko ɗan gabansa kaɗan, a zauna, a danna a jere idan ya doso. Haka ake yi wa ƙudan zuma a kan furen kabewa ko na riɗi: a zaɓi fure ɗaya a jira, kada a bi ƙudan. Fiffikensa yana kaɗawa fiye da sau 200 a daƙiƙa, saboda haka ko a 1/4000 zai iya fitowa da ɗan shafewa, kuma a ganina wannan shafewar ba aibi ba ce matuƙar kai da ido sun fito, domin ita ke nuna cewa abin yana tashi. Malam-buɗe-littafi kuwa da sanyin safiya ya fi natsuwa, kafin rana ta ɗumama masa jiki.

Sama ita kanta tana da lokutanta. Da tsakar rana zafin da ke tasowa daga ƙasa yana sa iska rawa, duk abin da aka ɗauka daga nesa sai ya narke, kuma babu lens ɗin da ke maganin wannan. Hazon hunturu yana kashe launi, amma yana mayar da rana jan faifai da yamma, wanda ke yin kyau ƙwarai idan jerin balbela ya gifta ta gabansa. Wannan hoton ko da waya ana samunsa, muddin ba a jawo hoton da yatsa ba, domin jawowar galibi ba ta ƙara komai sai lalacewa. Ku kiyayi kallon rana kai tsaye ta cikin dogon lens, yana iya ƙona ido. Ku kuma guji sauya lens a fili lokacin ƙura. Na yi hakan, na dawo da hotunan sama cike da ɗige-ɗigen da ke fitowa a wuri guda a kowane hoto, musamman idan an tsuke ƙofar haske zuwa f/16, har sai da aka wanke sensar, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara. Hadarin damina, wanda galibi daga gabas yake taso mana, ya fi komai kwarjini a hoto idan ranar la'asar ta haska gabansa, amma na taɓa tsayawa a tudu da ƙafar kyamara ta ƙarfe ina jiran walƙiya, wanda ganganci ne tsantsa. Duk wanda ke jin tsawa yana cikin iyakar da aradu ke iya kaiwa, don haka hoton walƙiya daga cikin gini ko cikin mota ake ɗaukarsa.

Kafin ku shiga fadama ko gonar wani, ku je ku gai da mai unguwa ko sarkin ruwa, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku nuna musu hotunan da ke cikin kyamarar. Na taɓa tsallake wannan gaisuwa, na ɓata yini ina amsa tambayoyi, kuma mutanen suna da gaskiya, domin baƙo da dogon lens a wannan zamani abin tuhuma ne. Kada ku ɗaga kyamara kusa da filin jirgin sama ko barikin soja ko wani wurin tsaro, komai kyan tsuntsun da ke wucewa. Masunta da makiyaya da manoma sun san itacen da balbela ke kwana, da lokacin da dinya ke saukowa kiwo, da gefen da garke ke bi idan ya taso da asuba, kuma idan kun yi musu ladabi za su nuna muku wurin da za ku zauna, wani lokaci ma su ɗauke ku a kwalekwale su kai ku.