Bushin ba ya son guduma

Shekaranjiya na shigo shago na tarar da yaron da aka kawo mana koyon aiki ya ɗora sabon bushin na kabon, wato zoben da sandar famfo ke juyawa a cikinsa, a bakin gidan bushin, ramin da yake zama a jikin famfo, ya ɗaga guduma. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Ya waigo, ko a jikinsa, ya ce: “Oga, ɗan taɓa shi kawai zan yi.” Ɗan taɓawa! Ni ma haka na ce.

Lokacin ina matashi, ina aiki a wata masana'antar jima a Kano. Famfon da ke tura ruwa zuwa wurin wanke fata ya fara kuka, shaf ɗin, wato sandar da ke juyawa, yana rawa, ruwa na tsiyaya. Muka kwance, bushin na tagulla ya cinye, sai ka ga haske ta gefe. Aka kawo sabo. Ba mu da injin matsawa, manaja kuma yana tsaye a kaina yana duba agogo, fatu na jiƙe suna jira. Na ɗora katako a kai na shiga duka. Ya shiga rabi ya karkace. Maimakon in fito da shi, sai na ƙara masa ta ɗaya gefen har ya zauna.

Da na zo zura shaf sai ya ƙi. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, bushin da aka matsa cikin gida raminsa yana tsukewa, domin an yi shi ya ɗan fi gidan kauri ne don ya kama, kuma abin da aka matse daga waje ciki yake komawa. Ga kuma bakin da gudumata ta lanƙwasa. Na naɗe samfefa a yatsa na ɗan goge, na shafa giris, na tura da ƙarfin tsiya. Na juya da hannu, da ƙyar yake tafiya. Na ce wa kaina idan ya yi gudu zai saki.

Bai saki ba. Tagulla ta fi ƙarfen gidan kumbura idan ta ɗau zafi, kuma tunda gida ya riƙe ta, ba ta da inda za ta sai kan shaf. Kafin la'asar wurin ba ya taɓuwa. Bushin ya kama shaf, ya juya tare da shi, ya cinye gidan. Da muka buɗe, shaf ɗin ya yi shuɗi, tagulla ta manne a jikinsa layi-layi. Abin da ya fi komai araha a famfon shi ya jawo aka sayi shaf, aka kai gida wurin mai sassaƙa ƙarfe ya sa masa riga, wato zoben ƙarfe da zai cike inda ya cinye.

To amma a yi mini adalci. Wa ya koya mini? Maigidana ma da guduma na gan shi yana sawa, kuma nasa suna zama. Littafin famfon yana kulle a ofis, ban taɓa ganin bangonsa ba. Ma'aunin maikromita, na auna kaurin ƙarfe, guda ne a duk masana'antar, injiniya ke yawo da shi a aljihu. Ka ce wa yaro ya gama kafin azahar, ka hana shi kayan aiki, sannan laifi ya zama nasa? Sai dai kuma hannuna ya gaya mini gaskiya lokacin da na juya shaf ɗin. Na ji ya cije. Na sani. Tsoron a ce ban iya ba ne ya sa na rufe na yi shiru. Da aka tambaye ni, na ce kayan ne jabu, kuma mai kawo kayan ya sha zagin da ba nasa ba. Wannan ya fi shaf ɗin damuna har yau. Ko da yake shi ma ba waliyyi ba ne, ya sha kawo mana tarkace.

Na zauna da niyyar rubuta muku dogon bayani, ku masu koyon aiki, amma na san ba za ku karanta ba. Ku da bidiyon minti ɗaya ma sai kun tsallake rabi.

Kada ka daki bushin. Na kabon ma fashewa yake yi, wani lokaci tsagin ba ya fitowa sai ya fara aiki. In babu injin matsawa, nemi dogon ƙarfe mai zare, washa mai kauri biyu da noti, ka ja shi a hankali, zai shiga a miƙe. Ka goge gidan tas, ka cire tsatsa, ka kashe kaifin bakin. Na tagulla ka sa shi a firiza ya kwana, ko ka ɗumama gidan, za ka sha mamakin yadda zai zame.

Ka auna shaf, ka auna ramin bayan ya zauna, ba kafin ba. Tazarar da ake bari kamar kaurin gashi ɗaya zuwa biyu ce a matsakaicin shaf, ido ba ya ganinta, kuma kowane famfo da tasa a littafinsa. Ka rubuta abin da ka samu. Amma kuma kada ka zama bawan lamba. Na ga masu takardar digiri da awo ya ce musu daidai, hannu ya ce a'a, suka bi awo. In ka juya ka ji ya cije, kwance shi, ko wa ke tsaye a kanka.

In ba ka sani ba ka tambaya. Sai dai don Allah ba komai ba, wani abin kai ma ka yi tunani, ku yaran yanzu sifana ma sai an nuna muku wadda za ku ɗauka.

Famfon rijiya mai dogon shaf kuwa, wanda bushinsa na roba ne, ruwan da yake ja shi ne mansa. Kada ka shafa masa giris ko baƙin mai, wata robar kumbura take yi. Ruwan sabulu ya isa wurin haɗawa. Kuma ka zuba ruwa ta sama ya jiƙa su kafin ka danna makunni, domin gudun ɗan lokaci a bushe ya isa ya ƙone su. In rijiyar tana kawo yashi, sanya sabon bushin a kan shaf da yashi ya karce ɓata kuɗin mutane ne, ka gaya wa mai famfon tun kafin ya biya.