Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Tafiya Hutu Ga Mai Shago a Waya

A makon jiya mun tsaya inda sana'ar atamfa da turaren wuta ta zauna da gindinta, har ta kai ba a wuni ba a fitar da kaya ba. Daga nan ne wata matsala take kunno kai ga duk mai kasuwanci a waya ita kaɗai. Ke ce mai ɗaukar hoto, ke ce mai amsa saƙo, ke ce mai ƙulla kaya, ke ce mai bin direba a tasha. Ranar da tafiya ta kama, ganin gida ne ko Umara ko bikin ƙanwa a wani gari, sai a rasa wa za a bar wa shago. Yau zan jingine labarina, mu yi maganar yadda ake shirya wannan tafiya.

Hanya biyu ce kawai, 'yar'uwa: ko ki rufe gaba ɗaya ki sanar, ko ki danƙa wa wata amana bisa tsari. Mai ɓata suna ita ce ta tsakiya, a ce kina can kina ɗora hotuna kina karɓar kuɗi, alhali babu mai fitar da kaya a gida. Wadda ta turo kuɗinta ta kwana uku ba ta ga lambar direba ba, ba za ta ce hutu kike ba. Cewa za ta yi an damfare ta, kuma a zauren matan unguwarsu za ta faɗa.

Ki zaɓi lokaci. Watan azumi da makonnin da ke gaban Babbar Sallah ba na tafiya ba ne ga mai atamfa, haka ma Disamba da ake ta bukukuwan aure. Bayan Sallah, ko Satumba da iyaye ke fama da kuɗin makaranta, kasuwa da kanta take lafawa.

Sanarwa ta fara tun saura mako biyu, kuma a maimaita ta kullum, tunda abin da aka ɗora a status na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace. Rana biyu za ki rubuta ƙarara: ranar ƙarshe ta karɓar oda, da ranar da za a ci gaba da aika kaya. Odar wasu garuruwa ki tsayar da ita tun saura kwana huɗu, ta cikin gari saura kwana biyu. Dalili kuwa, kayan da kika ba direba a tashar Unguwa Uku ta Kano zuwa Abuja suna iya isa a ranar, amma na Legas ko Fatakwal sai sun kwana a hanya, ga lalacewar mota, ga mai karɓa da za a kira a ji wayarta a kashe. Kada ki bar gari sai kowa ta ce saƙonta ya shiga hannu. Ranar dawowa kuma ki ƙara mata kwana biyu a kan ta gaskiya, don gajiyar hanya ba ta barin mutum ya ƙulla kaya daidai. Sarin da kika san zai sauka kina can, ki ɗaga shi.

Sai waya. WhatsApp Business yana da saƙon da yake fita da kansa ga duk wanda ya yi magana, ana kuma sa masa ranar farawa da ta ƙarewa. Abin da da yawa ba su sani ba, ba ya fita sai wayar tana kan intanet. In kin je ƙauyen da ba sabis, shiru masu saye za su ji. Ana iya haɗa lambar da wasu na'urori har huɗu, don mai riƙe miki shago ta amsa daga tata wayar, amma in babbar wayar ta wuce kwana 14 ba a taɓa ta ba, duk sai su fita. Ki sa wa lambar mukullin sirri mai lamba shida kafin ki tafi, saboda masu ƙwace WhatsApp. Kayan da ba za a iya fitarwa ba ki ɓoye su daga jerin hajarki, tallan kuɗi na Facebook da Instagram kuma ki kashe. Babu amfanin biya a kawo miki mutanen da ba za ki sallama ba.

In kin zaɓi bar wa wata, to mutum ɗaya, ba gida duka ba. Ku ƙirga kaya tare, turmi turmi, kwalba kwalba, a rubuta a littafi kowa ta riƙe hotonsa. Ba duka haja za ki bar mata ba. Ki ware masu saurin fita, ki ƙulla su a leda da farashi a jiki, sauran ki kulle. Sharuɗɗa su fito fili: ba bashi ko ga ƙawarki ta ƙut da ƙut, ba ragi, kuɗi kuma asusunki za su shiga. Kada kaya su bar gida sai ke kin buɗe manhajar banki kin ga kuɗin da idonki. Hoton rasit ba shaida ba ne, saƙon alat ma ana ƙirƙirarsa. Ki ba ta lambar ɗan sahun da kika saba da shi da ta direbobin kowace hanya, ki kuma yanke mata lada a kan kowane kaya da ya fita. Aikin "don Allah ki taimaka" ba ya kai mako sai ya fara tsami. Ku tsayar da awa ɗaya a rana ta yin magana, bayan la'asar misali, in ba haka ba wayar za ta cinye hutun. Mai zuwa Umara ta tuna Saudiyya ta riga Najeriya da awa biyu, ta kuma tabbatar layinta zai karɓi lambobin sirrin banki a can.

Ajiyar kaya ma tana da nata. Atamfa da leshi a ɗora su kan katako, nesa da bango, musamman da damina, saboda danshi da gara. Humra a ɗaure murfinta tam, a kawar da ita daga rana, kuma kada ta kwana ɗaki ɗaya da yadi. Ba kowace mai saye ce ke son ƙamshin da ba ta zaɓa ba. Zubin adashen da zai faɗo kina can, ki ba uwar adashe tun kafin ki tashi.

Ranar da kika dawo ba ranar sabon hoto ba ce. A sake ƙirga kaya a gwada da littafi da abin da ya shiga asusu, sannan a bi saƙonni daga mafi daɗewa, a fara da waɗanda suka riga suka biya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labari daga shekarar da na fara sarin kaya a Kantin Kwari da kaina.