Abin da na bari a aljihun tebur na biyu

Ranar Alhamis na ajiye mabuɗin ɗakin gwaji a gaban mudir, wato shugaban asibitin dabbobin da nake aiki, shekara huɗu cif da zuwana Jidda. Abokan aiki sun ce in rubuta wani abu saboda wanda zai gaje ni. To ga shi, sai dai kusan duka a kan kyanwa ɗaya ne.

Wata Hajiya ce, Bahaushiya haihuwar Makka, ta shigo da 'yar kyanwa fara, shirazi (irin masu dogon gashi da lotsattsiyar fuska), a kwalin takalmi, watanta biyu da 'yan kwanaki. Da na sauke ta ƙasa sai ta wawware ƙafafu kamar mai tsoron santsi, taku uku ta kife. Aka tura mata abinci, kanta ya hau karkarwa, tana saran kwano kamar kaza. Ko minti biyar ban yi ba na yanke hukunci: fanlukofeniya ce, wata cuta mai yaɗuwa tsakanin kyanwoyi, ta kama uwar tana da ciki, ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya ba ta gama ginuwa ba. Ai tun muna ɗalibai a makarantar likitancin dabbobi ta Shambat, a Sudan, nake ganin irinta. Na ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Ba za ta warke ba, amma abin ba ya ƙaruwa." Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Jikata ta ƙwallafa rai a kanta."

Bayan sati shida suka dawo da ita ba ta ko iya tsayuwa, idanun sun yi hazo, ba ta kai rabin sa'o'inta ba. Ran nan na yi abin da ya kamata in yi tun farko: ɗigon jini a gilashi, rini, sai madubin gwaji. Fararen ƙwayoyin jinin cike suke da ƙananan kumfa. Jikina ya yi sanyi.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin dabba tana da jujinta, laisosom, wanda Christian de Duve ya gano a 1955. A nan ake narkar da tarkace. Idan aka haifi dabba babu ɗaya daga sinadaran narkarwar, shara sai ta yi ta taruwa har ƙwayar ta kumbura, kuma na ƙwaƙwalwa su suka fi jin jiki. Shi ya sa ake haihuwar 'ya'yan garau, ciwon ya riƙa bin su a hankali. A shirazi wadda aka sani ita ce alfa-manosidosis; kyanwoyi jinsin Siyamis da Korat suna da wadda ake kira GM1, jinsin Bamis kuma GM2. Gadon kuwa irin na sikila ne sak: uwa AS, uba AS, dukansu lafiya lau, amma kowane ɗa yana da kaso 1 cikin 4. Haka na yi wa Hajiya bayani, nan take ta gane. Samfurin da na tura Amurka da kuɗin aljihuna ya tabbatar da zatona.

Na koma tsofaffin fayil, na tarar da wasu biyu daga hannun mai kiwo ɗaya, an rubuta musu "rauni". Mutumin yana haɗa uba da 'yarsa don fuska ta ƙara lotsawa, farashi ya hau. Shi ne kuma babban kwastomanmu. Na ce wa mudir a kira shi a gwada iyayen, a fiɗiye masu ɗauke da ita. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ya dakta, igamarka a hannun wa take?" Wato takardar izinin zamana a ƙasar. Satin da ya biyo baya na ga sunana a aikin dare, da wanka da yanke farce. Wata tara na yi a haka. Ban ce komai ba, Allah yana gani.

Sauran kaɗan ne. Duk 'yar kyanwar da ke tangaɗi, a sa ranar dawowa kafin a ce "ba ya ƙaruwa". A tambayi 'yan uwan haihuwarta. Duk abin da ka faɗa wa na sama, ka rubuta shi da kwanan wata.

Kyanwar ba ta cika wata biyar ba muka yi mata allurar hutawa. Hajiya ba ta taɓa tuna mini da maganata ta farko ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Yarinyar ce dai ta ce a ba ta kwalinta.

Gilashin jinin yana aljihun tebur na biyu a ɗakin gwaji, cikin farar ambulan. Na rubuta "shirazi, wata uku da rabi" a bayanta. Kada mai shara ta zubar.