Hannun da na sa a takardun yaran nan

Yau na miƙa makullan shagon walda bayan shekara shida ina koyarwa a cibiyarmu. Abokan aiki sun ce in bar wa na baya wani abu a rubuce. To, abin da ya fi ci mini rai zan fara faɗa.

Da aka ƙaddamar da aikin bututun iskar gas na AKK a 2020, mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano, kowa a cibiyar bakinsa har kunne. Ana ta cewa gas na tafe, masana'antun Sharada da Challawa da Bompai za su farfaɗo, yankin ciniki na musamman da ke Fanisau zai cika, mai walda sai an neme shi da kuɗi. Muka ɗebi matasa, wata tara ina tare da su. Na koya musu abin da kayan shagon suka ba ni dama: waldar sanda, irin ta ƙofa da taga da tankin ruwa. Kuma wallahi sun iya.

Sai wani kamfani mai aikin bututu ya ce mu kawo yara gwaji. Na zaɓi goma sha biyu da na fi ji da su. Muna shiga na ga bututu a ɗaure a karkace, ba a juya shi, mai waldar ne zai zagaye shi ta ƙasa da ta sama. Shi ne suke kira 6G. Tushen ɗinkin da agon ake yi, wato waldar da ake yi da iskar gas ta argon, bayan an gama kuma a ɗauki hotonsa kamar na ƙashi a asibiti, ko ƙofar allura aka gani an faɗi. Yaron da ya fi kowa hannu a ajin, wanda mahaifiyarsa ta sayar da tunkiya don kuɗin motarsa, ya ɗauki kan agon ya juya shi, ya waiwayo ya ce, “Malam, wannan ta ina ake riƙe shi?” Har yau ina jin muryar nan. Fomansu ya ja ni gefe ya ce, “Malam, yaranka suna da hannu, amma ba wannan aikin aka koya musu ba.” Ko ɗaya ba a ɗauka ba.

Washegari a taron ma'aikata shugaban cibiya ya ce na zubar musu da mutunci. Shi da na rubuta wa takarda har sau biyu ina roƙon injin agon ko da guda ɗaya. Kuɗin shekarar kuwa a bikin yaye ɗalibai suka tafi, rumfuna da kujeru da riguna masu tambari da masu ɗaukar hoto. Na ce, “Ranka ya daɗe, takardata tana kan teburinka.” Ya ce ba nan ne wurin wannan magana ba. Har na bar aikin, wurin bai zo ba.

Amma ba zan ɗora masa duka ba. Cikin wata taran nan ban taka ƙafa ko sau ɗaya na je wurin masu aikin na tambayi irin hannun da suke nema ba. Kuma ni na sa hannu a takardun da suka ce yaran sun ƙware. Wannan nawa ne, kuma shi ya hana ni barci.

Daga nan na mai da zagayen masana'antu dole a kowane zango. A nan na gane masu roba a Sharada sun fi ƙishin wanda zai gyara injin zuba roba da allon wutarsa. Yaron da aka tura SIWES, wato shirin tura ɗalibai masana'antu koyon aiki, a bi shi a ga abin da yake taɓawa, cika littafi kowa ya iya. Kada a raina ogan bakin titi, na ga hannaye a Panteka ta Kaduna da babu irinsu a ajinmu.

Yaron nan da ya tambaye ni ta ina ake riƙe kan agon, na kai shi wurin wani abokina mai injin agon, ya yi wata biyar yana ƙona guntayen bututu bayan la'asar. Ya koma gwaji ya ci. Ranar da ya karɓi albashin farko ya kawo mini turmin shadda har gida.

Wanda zai gaje ni, kwafin takardun nan biyu suna cikin durowar hagu, da kwanan wata a jiki. Injin har yanzu ba a saya ba.