Akori-kurata ta tashi, bayan ɗan boris ɗaya ya sa mun sauke giya sau uku

Jama'a jiya da la'asar na ɗauki tsohuwar motar nan tawa da na canja wa inji daga Agege a Legas na bi ta Berger na haye gada har Kara na juyo, ba gurnani ba jijjiga, giya na shiga sumul tun daga ta ɗaya har ta biyar. Na faka gefen titi na kwanta na leƙa ƙasanta ko ɗigon mai babu. Wallahi sai da na koma na zauna a kujera na yi shiru na ɗan lokaci, don wata huɗu kenan motar nan tana cin aljihuna tana hana ni barci.

Waɗanda suka san ta sun san ta, Hilux ce RN85 ta farkon shekarun 1990 mai jan baya kaɗai, ta kawuna ce, albasa da tattasai ta sha ɗauka daga kasuwar Mile 12 kafin ya bar min ita ya koma gida. Injinta na asali 22R, kuma ciwon da ke kashe su shi ya kashe shi, robar da ke riƙe sarkar taimin ta karye, sarka ta rinƙa gugar murfi har ta huda hanyar ruwa, baƙin mai ya koma kamar shayin da ya ji madara, yaron da ke tuƙa ta bai lura ba ya ci gaba da takawa har ta buga. Da muka buɗe mun tarar an riga an yanka karanshaf sau biyu, bulok ma an taɓa borin ɗinsa. Nan maganar gyara ta mutu.

To sai shawara ta yi yawa, kowa da injin da yake so. Mafi sauƙi dai a nemo wani 22R a ɗora, ba walda ba yanka, sai dai duk wanda na gani a kasuwar kayan mota ta Ladipo da ka sa farce a jikinsa zaka gane fenti ne sabo a kan tsufa, an ci moriyarsa a nan gida an wanke an ce maka yanzu ya sauka daga kwantena. Zuciyata kuma 5L take so, na gas ɗin nan mai lita 3, don in maganar kaya ce ba ya wasa, amma ga tsadarsa ga nauyinsa ga kuɗin man gas, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 nake da niyyar wata rana in sa mata tukunyar CNG, wato iskar gas, wanda da injin fetur ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. 2TR kuwa rewaya ɗina ne ya kashe maganar, yace totur ɗinsa na waya ne kuma in aka yi rashin sa'a birenbos ɗin, wato kwamfutar injin, ya zo a kulle da makullinsa to mun shiga uku. Wani yace 4Y, nace haba, in sauka daga 2.4 zuwa 2.2 kuma? A ƙarshe na tsaya kan 3RZ, 2.7 mai bawul 16, sarka ce da shi ba bel ba, ƙarfin doki wajen 150 inda tsohon nawa bai wuce ɗari da 'yan kai ba ko yana sabo. Har yanzu ban yi nadamar wannan zaɓin ba.

Nadamar tana wajen yadda na saya. Biyu aka nuna min. Ɗaya cikakke da giyarsa ta hannu a jiki, da wayoyi da birenbos da kik, naira miliyan 2 da dubu 300. Ɗaya kuma inji zalla, miliyan 1 da dubu 650. Nace ai ina da giya, lafiyarta ƙalau, me zai sa in biya kuɗin wata. Na ga a bayansa ba fulawil ba ne, wato faifan ƙarfe mai kauri da kuloci ke kamawa, faifan nan ne siriri na otomatik, na tambaya, mai shagon yace Alaji ba matsala kusoshi ne kawai zaka kwance ka ɗaura fulawil, ɗan barandan da ya kawo ni ma ya gyaɗa kai. Sun tayar min da shi a ƙasa ya yi ƙara mai daɗi ba hayaƙi, na biya. Araha ba ta ado, an faɗa ban ji ba.

Daga nan aka fara zarya. Belhausin, wato ƙoƙon da ke haɗa giya da inji, na 22R ba ya hawa kan injin RZ, ramukan kusoshin ba ɗaya ba ne, sai dai abin daɗin shi ne nau'ukan giyar Toyota na G da na W bakinsu ɗaya ta wajen da belhausin ke kamawa, saboda haka in ka samu na RZ zai zauna a kan tsohuwar giyarka. Samun shi kaɗai ne aiki, don ba mai son raba shi da giyarsa. Saura ƙiris in sayi giyar Hiace sukutum saboda ita ma a bayan RZ take, Allah ya taimake ni na lura sandarta ba a sama take ba, ta gefe ake janta tunda direban bas a kan inji yake zaune, da na kawo gida na rasa inda zan sa hannu. Sai a kasuwar Owode Onirin na samu belhausin da cokalin kuloci a wata giya da ta fashe, dubu 95. Fulawil da kusoshinsa da faifan kuloci da dis dubu 140. Wayoyi da birenbos dubu 180, shi ma na otomatik ne. Famfon mai mai matsi da bututun komawa tanki. Salansa kuma a 22R ta hagu take fita, a 3RZ ta dama, sai da mai walda ya sake mata hanya gaba ɗaya, shi ya gyara mana injin sit ma. Ku haɗa lissafin da kanku, ni na daina haɗawa tun da naga na wuce kuɗin cikakken nan da na raina.

Af, akwai waɗanda suka ce in cire nozul in ɗora kafireto in huta da wayoyi. Na ƙi. In kafireto nake so da ban baro 22R ba.

Yanzu ga abin da ya sa nake wannan rubutun. Ranar da muka tayar da ita murna kamar me, amma tun a gareji naji in na taka kuloci akwai wani gurnani ƙasa-ƙasa, kuma ribas sai ta yi ƙarrr kafin ta shiga. Makanikena yace sabon faifai ne zai zauna. Na fita da ita, daga Agege zuwa Oshodi ta hanyar Abeokuta, da na haura 60 sai sandar giya ta fara rawa a hannuna kamar mai jin sanyi, a gosulon Ikeja Along kuwa giya ta ɗaya sai da rarrashi. Kwana uku sai ga mai yana ɗiga ta ƙasan belhausin, na shinshina, man giya ne.

Muka fara zargin farfela, sandar da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya. Aka canja kuros biyu, aka duba ko an mayar da ita ba bisa alamarta ba, lafiya lau. Aka ce injin sit ne mai walda ya karkatar, aka sassauta aka sake ɗaurewa, jijjiga na nan. Aka zuƙe iskar kuloci ya fi sau biyar, na sayi sabon famfon kuloci na ƙasa, banza. Sai aka sauke giya karo na farko, aka ga sil ɗin gaba, robar da ke tare man giya, ya ci, aka canja, aka mayar. Sati bai cika ba ya sake zubarwa. Karo na biyu aka ce faifan kulocin jabu ne, kuma da na kalle shi tsakiyarsa ta yi lakwaf tana wasa, na yarda, na sake zuwa Ladipo na ba da dubu 60 na ɗauko wani. Kowace saukewa dubu 25 kuɗin aiki ban da man giya da abincin yara. Aka mayar, kwana biyu shiru har na fara yi wa mutane albishir, rana ta uku gurnani ya dawo. Ranar nan kam na zauna kan benci a gareji ban iya cewa komai ba, har na fara tunanin in kira masu sayen kwangarwa su yi mata kuɗi kowa ya huta.

Wani dattijo ne ya cece ni, tsohon makanike da ke zama wajen Zango, tun zamanin Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna yake wannan aikin, yanzu ido ya yi rauni ba ya shiga ƙarƙashin mota. Bayan sallar azahar na ba shi labari, bai bari na gama ba yace, yaro injin nan daga otomatik aka ciro shi ko? Nace eh Baba. Yace ku sauke, ku cire dis da faifai, kar ku taɓa komai sai na zo. Makanikena har ya ɗan ɓata rai, wai me za a gani wanda bai gani ba sau biyu.

Da Baba ya zo ko tocila bai karɓa ba. Ya durƙusa da ƙyar, ya miƙa hannu ya zura ɗan yatsa a ramin da ke tsakiyar gindin karanshaf, yatsan ya shige duka, ya zaro ya nuna mana, tsatsa ce kawai da ƙura. Yace ina boris ɗin? Kowa ya kalli kowa. Ashe ɗan boris ɗin nan da ke riƙe kan shaf ɗin giya babu shi kwata-kwata, don injin otomatik ba ya zuwa da shi, hancin kwanbata, wadda ke madadin kuloci a otomatik, ne ke zama a wurin. Mu kuma mun ɗaura fulawil mun ɗaura kuloci mun tura giya, kan shaf na lilo a iska ba abin da ya tallafe shi, shi ke kaɗa faifai, shi ke cinye sil, shi ke hana giya shiga. Sau biyu ana sauke giya ana kallon fulawil ba wanda ya leƙa ramin, har da ni da nake tsaye a kansu ina ba da umarni. Ban ga laifin yaran ba sosai, sun saba duk injin da suka buɗe da boris ɗinsa a ciki.

Abu ne da bai fi murfin kwalbar lemo ba. Dubu 4 da ɗari 5 na saye shi. Baba ya sa aka goge ramin da sanfefa mai laushi, aka buga shi a hankali da soket daidai bakinsa har ya zauna, ya kama shaf ɗin giya ya girgiza yace mun yi sa'a boris ɗin ciki bai tafi ba amma in rinƙa saurare. Aka sake sabon sil na uku. Na ba shi kuɗin goro ya ƙi karɓa sai da na haɗa shi da Allah.

Jan da take yi yanzu daban ne, hawan gadar da da sai na koma ta uku yanzu a ta huɗu take haye shi, duk da dai ban gwada ta da kaya ba tukuna, ranar Asabar zan ɗora mata buhu goma sha biyar daga Mile 12 mu gani, kuma ina ɗan tsoron giyar don ba a yi ta da wannan ƙarfin ba, ba zan rinƙa fizgarta ba. Wutar cek na nan a kunne saboda birenbos yana neman giyar otomatik da babu ita, rewaya ya dai haɗa wayar da ke hana ta tashi. Lambar inji ma ban canja a takardu ba, rasit ɗin na nan a aljihun gaba har in samu zuwa. Fenti da bodi kuwa sai bayan sallah in aljihu ya farfaɗo.

In akwai wanda ke da birenbos na 3RZ na giyar hannu, irin mai koyil ba mai distiributa ba, ko ya san inda aka fasa irin motar a Legas ko Ibadan, don Allah ya yi min magana, zan zo da rewaya mu gwada a wurin kafin in biya.